Harsashi da albarushi a ƙasar Kabi: Tarihi, doka da haɗarin ɗurin gida

Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwambar 2024, inda mutum 15 suka rasa rayukansu a ƙoƙarin ƙwato shanun da aka kora, maganar kare kai ba ta sauka daga bakunan jama'a ba a masarautar Argungu da ma Birnin Kebbi. A majalisun matasa da shafukan sada zumunta, tambayar ɗaya ce: me zai hana talaka ya riƙe bindiga? Sai dai kusan duk muhawarar a kan bindiga take tsayawa, alhali bindigar da ba ta da harsashi ba ta fi sanda ba. Harsashi ne ke ƙarewa, shi ake saye kullum, shi ake fasa-ƙwaurinsa, kuma shi ne yake fashewa a hannun wanda bai san kansa ba.

A wasu ƙasashe akwai sana'ar sake ɗura harsashi, wato a tattara kwanson da aka riga aka harba a sake cika shi don a yi amfani da shi karo na biyu. Bidiyoyin masu wannan aiki daga Amurka suna yawo a YouTube da TikTok, kuma suna isa wayoyin matasanmu kamar yadda suke isa ko'ina. Wannan maƙala ta yi bayanin abin da aikin ya ƙunsa, da dalilin da ya sa yake da haɗari, da matsayinsa a dokar Najeriya, da kuma ɗurin da aka gada a nan gida, wato na bindigar toka, wanda shi ne ya fi shafar manomi da maharbi a fadamun Gulbin Kabi.

Mene ne harsashi?

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe. Na farko kwanso, wanda galibi da tagulla ko baƙin ƙarfe ake yin sa. Na biyu makunni, ɗan ƙaramin maɓalli a gindin kwanson wanda ke tartsatsi idan allurar bindiga ta buge shi. Na uku albarushi, wanda ke ƙonewa cikin ƙiftawar ido ya zama iska mai ƙarfin gaske. Na huɗu kuwa kan harsashin, wato dunƙulen dalma da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wanda shi kaɗai ne ke fita ta bakin bindiga. Idan aka yi harbi, uku daga cikin huɗun sun tafi, kwanso ne kawai ke saura. A kan wannan kwanso aka gina sana'ar sake ɗuri.

Akwai bambanci mai girma tsakanin albarushin da kakanninmu suka sani da na zamani. Na dā baƙi ne, yana tayar da farin hayaƙi mai yawa, kuma ƙarfinsa yana da iyaka. Na zamani, wanda wani masanin Faransa mai suna Paul Vieille ya samar a 1884, ba ya hayaƙi sosai, amma ƙarfinsa ya ninka na dā. Shi ya ba da damar ƙera ƙananan bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi. Harsashin da ya fi shahara a irin waɗannan bindigogi shi ne mai faɗin milimita 9, wanda Georg Luger ya tsara a farkon ƙarni na 20, kuma har yau shi jami'an tsaro na ƙasashe da dama suke amfani da shi.

Don mai karatu ya gane irin ƙarfin da ake magana a kai, ga misali. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska mai nauyin fam 30 zuwa 35 a kan kowane inci murabba'i. Ƙa'idar masu ƙera makamai ta Amurka ta sa iyakar matsin harsashin milimita 9 a kan fam 35,000. Wato matsin da ke tashi a cikin ƙarfen da mutum ya riƙe a tafin hannunsa, kusa da fuskarsa, ya ninka na tayar mota kusan sau dubu.

Abin da ya sa ƙaramar bindiga ba ta yafe kuskure

Ƙaramar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi tana aiki ne da ƙarfin harbin da ta yi. Ƙarfin ne ke tura saman bindigar baya, ya fitar da kwanson da ya ƙone, sannan ya ɗauko sabo daga ma'ajinsa. Saboda haka an ƙera ta ne a kan ma'auni tsayayye, kuma duk harsashin da ya kauce wa ma'aunin, ta sama ko ta ƙasa, fitina ne.

Haɗari na farko shi ne ninka ɗuri. Albarushin da ƙaramin harsashi ke buƙata kaɗan ne ƙwarai, bai kai giram ɗaya ba, ta yadda wasu kwansuna za su iya ɗaukar ninkinsa ba tare da ido ya lura ba. Idan hakan ta faru, ƙarfen bindigar kan tsage, ɓaraguzai su tashi zuwa hannu da idanu.

Na biyu kishiyar na farko ne, wato ƙarancin ɗuri. Harsashin da albarushinsa ya gaza, ko ya jiƙa, yakan tura kan harsashin ya maƙale a tsakiyar bututun bindiga. Mai harbi yana jin ƙarar ta yi rauni, amma idan bai san ma'anar hakan ba ya sake jan kunama, harsashi na biyu zai ci karo da na farko a cikin rufaffen bututu.

Na uku gajiyar kwanso. Duk lokacin da aka yi harbi tagullar tana buɗewa, tana taurara, tana ƙara rauni. A yawancin irin waɗannan bindigogi akwai ɗan gefe na gindin kwanson da ƙarfe bai tallafe shi sosai ba, a daidai hanyar da harsashi ke hawowa. Idan tsohon kwanso ya fashe, ta nan wutar ke bi, ta sauka cikin mariƙin bindigar inda sauran harsasai suke, inda kuma yatsun mutum suke.

Na huɗu nutsewar kan harsashi. Idan bakin kwanso bai riƙe shi gam ba, yakan ɗan nutse ciki yayin da bindiga ke tura shi. Wurin da ya rage wa albarushi ya ƙuntata, matsi kuma ya haura nesa da ƙa'ida, ko da nutsewar ba ta taka kara ta karya ba a ido.

Na biyar rikita nau'in albarushi. Nau'o'insa suna da yawa, kowanne da saurin ƙonewarsa, kuma da yawansu kama ɗaya suke a ido. Wannan ne ya sa kamfanoni da dama masu ƙera bindiga suke rubutawa a littafin da ke raka kayansu cewa ba su ɗauki alhakin duk abin da ya faru da wanda ya sa harsashin ɗurin gida ba.

Yadda wasu ƙasashe suke tafiyar da lamarin

Inda aka halatta wannan aiki, ba a sake shi kara zube ba. A Amurka dokar tarayya ta bar mutum ya ɗura harsashi don amfanin kansa, amma wanda zai yi don sayarwa sai ya mallaki lasisi. A Jamus sai mutum ya halarci horo, ya ci jarrabawa, an binciki halinsa, kafin a ba shi izinin riƙe albarushi a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa. A Afirka ta Kudu, dokar kula da bindigogi ta shekarar 2000 ta ba mai lasisin bindiga damar ɗura harsashin bindigar da aka yi masa rajista kaɗai, tare da iyakance yawan abin da zai ajiye.

Bayan doka kuma akwai ma'auni. Turai tana da hukumar gwajin makamai ta C.I.P. tun 1914, Amurka kuma tana da SAAMI tun 1926. Su ke tsayar da girman kowane harsashi da iyakar matsinsa. Masu sake ɗuri a can suna aiki da sikeli mai auna ƙasa da ƙwayar gero, da jadawalin da aka gwada a ɗakin bincike, da kayan da aka san masana'antar da ta yi su. Duk da haka hatsari na faruwa. Wanda ya kalli bidiyon minti biyar a wayarsa ya ga hannun mai aikin ne kawai, bai ga wannan tsari da ke bayansa ba, kuma babu ko ɗaya daga cikin tsarin da ke akwai ga farar hula a Najeriya.

Bindiga a tarihin Kabi

Daular Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, da babban birninta a Surame, ta yi ƙarfi ne da doki da mashi da baka da jiragen ruwa. A ƙarshen wannan ƙarni Mai Idris Aloma na Borno ya riga ya shigo da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, amma bindiga ba ta zama makamin gama-gari a ƙasar Hausa ba sai bayan ƙarnuka. Ko a yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, maharba masu kwari da baka ne ƙashin bayan rundunar masu jihadi.

A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, Kabawa suka ja da baya suka ci gaba da turjiya. Yakubu Nabame ya farfaɗo da mulkinsu a Argungu a 1849, kuma daga nan har zuwan Turawa, yaƙi da sulhu suka riƙa karɓa-karɓa tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne bindiga ta fara yawaita a fadodin sarakuna, galibi a hannun bayin sarki. A Damagaram, Sarki Tanimu ya kai ga sa maƙera suna zuba igwa suna haɗa albarushi a cikin birnin Zinder. Wanda ya ziyarci Gidan Tarihi na Kanta da ke tsohuwar fadar Argungu zai ga makaman wancan zamani a jere: masu, takubba, kwari da baka, da bindigogin ɗuri ta baki.

Wani abu da ya faru a Turai ya bar tabo har yau. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya tashi daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, amma ta bar cinikin tsoffin bindigogi masu ƙanƙara da baƙin albarushi. An ga sakamakon wannan giɓi a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, lokacin da dawakin Sakkwato suka fuskanci bindigar Maxim. Rabon da aka yi a wancan lokaci, bindigar zamani ga hukuma, ta ɗuri ga talaka, shi ne ƙashin bayan dokar da Najeriya ke aiki da ita yanzu.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Tsarin Mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwa masu fashewa cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Babu majalisar jiha da za ta iya halatta wa jama'arta riƙe bindiga. Babbar dokar da ke aiki ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta kasa bindigogi kashi uku.

Kashi na farko haramtattu ne, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. A nan aka sa igwa, da gurneti, da bindigogi masu aman harsashi, da bindigogin soja masu faɗin milimita 7.62 da 9, da kuma duk wata ƙaramar bindigar hannu, libarba ce ko fistol. Mutane da yawa ba su san wannan ba: a idon doka, fistol aji ɗaya take da AK-47.

Kashi na biyu bindigogin amfanin kai ne, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu wadda ba ta da na'urar ɗura wa kanta harsashi, da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabbin lasisi a duk faɗin ƙasar.

Kashi na uku bindigogin ɗuri ta baki ne, wato bindigar toka ko harba-ka-ruga da danginta. Kula da su yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda ke iya hana riƙe su ba tare da lasisi ba idan gwamna ya amince.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da za a tilasta wa hukuma ta bayar. Dokar ta hana ba da shi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

A kan harsashi kuwa, dokar ta fassara kalmar da faɗi, har ta haɗa da kowane sashe na harsashin. Ta kuma hana kowa ƙera ko harhaɗa ko gyara bindiga ko harsashi, sai a rumbunan makamai na hukuma. Ƙofar da aka bari ƙarama ce: 'yan sanda suna iya ba da izinin gyaran bindigar farauta, da izinin ƙera ko gyara bindigar ɗuri ta baki idan gwamna ya yarda. Ma'anar wannan a fili take. Sake ɗura harsashin fistol a gida, ko a wace jiha ta Najeriya, laifi ne. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ko ƙira ba bisa izini ba yana farawa ne daga ɗaurin shekara goma, riƙe harsashi ba lasisi kuwa yana iya kai mutum shekara biyar a gidan yari. Cibiyar da ƙasar ta kafa don ƙera makamai da harsasai ita ce DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, aka kuma sabunta dokarta a 2023.

Bindigar toka: haɗarin da ke ƙofar gida

Ɗurin da ake yi a ƙauyukan Argungu da Augie da Arewa da Dandi da Bunza shi ne na bindigar toka. Maharbi yana amfani da ita, mai gadin gonar shinkafa yana korar tsuntsaye da ita, 'yan banga suna sintiri da ita, kuma 'yan bindigar fada suna harba ta ba harsashi a hawan Sallah da bukukuwan sarauta. A irin wannan bindiga kowane harbi ɗuri ne na hannu, don haka kowane harbi dama ce ta kuskure.

Matsalar farko bututun ne. Bindigar masana'anta ana gwada ta da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi kafin a sayar. Ta maƙeri kuwa sau da yawa daga bututun da aka yi don wani aiki daban take fitowa, kuma tsatsa tana cin ta ta ciki, domin tokar baƙin albarushi tana jawo laima. Bututun da ya jure harbi ɗari yana iya tsagewa a na ɗari da ɗaya.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne fasa harsashin zamani a juye albarushinsa cikin bindigar toka da nufin ƙara mata ƙarfi. Bututunta ba zai iya ɗaukar wannan matsi ba, kuma abin da ke biyo baya fashewa ce a gaban fuska. Haka nan sake ɗuri a kan ɗurin da aka manta yana ciki, ko harbi da bakin bindiga a toshe da laka bayan an bi fadama, ko zuba sabon albarushi kai tsaye daga gora alhali akwai sauran garwashi a cikin bututu. Akwai kuma jinkirin tashi: a ja kunama bindiga ta yi shiru, mutum ya juyo da bakinta ya leƙa, sannan ta tashi. Tsoffin maharba sun san cewa bindigar da ta ƙi tashi ana barin bakinta yana kallon inda babu kowa, a jira. Harbin biki ma ba wasa ba ne, domin tsumman da aka toshe albarushi da shi da wutar da ke fita suna iya makantar da wanda ke kusa.

Sai ajiya. Albarushi ba ya shiri da murhu, da fitilar kananzir, da sigari, da man janareta, da zafin bazara a ɗakin kwano. Ƙasar nan ta sha ganin abin da sakaci da ajiya ke jawowa. Fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002 ta yi sanadin mutuwar mutum sama da 1,000. A Janairun 2024 kuma abubuwa masu fashewa da aka ɓoye a wani gida a unguwar Bodija ta Ibadan suka rusa gidaje da dama. Bindigar da aka jingine a zaure da ɗuri a cikinta, inda yara ke wasa, ƙaramin misali ce ta wannan sakaci.

Dalma, gubar da ba ta ƙara

Haɗari na ƙarshe ba ya fashewa, shi ya sa ake raina shi. Wanda ke narka dalmar tsohon batir a tsakar gida don ya yi harsashin bindigar toka yana watsa guba a ƙasar da yara ke rarrafe, a kusa da tukunyar da ake girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. Tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana jawo farfaɗiya, tana cutar da ɗan tayi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ɗanɗana wannan a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Hanyar shigar dalmar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce.

Daga ina harsashin 'yan ta'adda yake fitowa?

Nan ne batun ya zama na siyasa. Harsashin AK-47 da ake tsinta bayan hari ba ɗurin gida ba ne. Galibinsa kwanson baƙin ƙarfe ne na masana'antar soja, wanda ba a yi shi don a sake cikawa ba, kuma a gindinsa akwai lambar masana'anta da shekarar ƙira. Ke nan kowane kwanso shaida ne, kuma ana iya bin sawunsa idan akwai mai niyyar bi.

A Janairun 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoton binciken makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta samu wasu sun fito daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya, wasu daga Libiya da wasu ƙasashen yankin, wasu an shigo da su ta tashar jiragen ruwan Legas, wasu kuma ƙirar gida ne. A Janairun 2017 kaɗai jami'an kwastan sun kama bindigogi 661 a cikin kwantena ɗaya a Legas. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 kuma ya nuna cewa makamai 178,459 ba a san inda suka shiga ba daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47 ne. Jihar Kebbi tana da iyaka da Nijar da Benin, da mashigai irin su Kamba da Tsamiya da Lolo, ga Kogin Kwara da ke ratsa ta, don haka duk wani sakaci a wannan fanni yana isowa ƙofarta da wuri.

A takarda, matakai ba su yi ƙaranci ba. ECOWAS ta amince da yarjejeniyar ƙananan makamai da harsasai a Abuja a watan Yunin 2006. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013. A 2021 aka kafa Cibiyar Kula da Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma ba ta ƙarfin doka a 2024. A Disambar 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani tsari na musamman kan kula da harsasai tun daga ƙira har zuwa lalata su. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Muhawarar kare kai

Masu kiran a ba jama'a makamai suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, da na ɗalibai mata a Maga a Nuwambar 2025, sun nuna cewa hukuma ba ta isa ko'ina a kan lokaci. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta umarci jama'a su nemi lasisin bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Daga baya Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta bi sahu da Askarawa a Janairun 2024.

Amma akwai darasin da Kebbi ta biya da jini. A watan Maris na 2022, 'yan sa-kai sama da 60 suka mutu a kwanton ɓaunar da 'yan bindiga suka yi musu a yankin Sakaba na masarautar Zuru. Jarumta ba ta cike giɓin da ke tsakanin bindigar da ake ɗurawa bayan kowane harbi da wadda ke ɗauke da harsashi 30. Ƙoƙarin cike giɓin da ɗurin gida kuwa yana ƙara wa mai shi abokan gaba biyu ne: bindigar da ke hannunsa da dokar da ke jiran sa.

Idan hatsari ya auku

Mutane da yawa suna ɓoye wanda bindiga ta raunata a gida don tsoron 'yan sanda, har jini ya ƙare ko rauni ya ruɓe. Dokar Tilasta Kula da Waɗanda Aka Harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da jiran a ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Abin da ake buƙata daga na kusa shi ne a danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shige jiki, kada a zuba toka ko ƙasa a rauni, a kuma garzaya asibiti mafi kusa. Manyan raunuka ana kai su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Wanda ya tsinci harsashi ko wani abu mai kama da bam a gona ko daji, kada ya ɗauka, kada ya kai wa maƙeri ko ɗan gwangwan, ya sanar da mai gari da jami'an tsaro. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Matashin da ke son a kawo ƙarshen zubar da jini a ƙasar Kabi yana da abin da zai tambayi wakilansa a Majalisar Dokokin Jiha da ta Tarayya. Shin ana tattara kwansunan da aka tsinta bayan kowane hari ana bin sawunsu, kuma ina ake bayyana sakamakon? Wa aka hukunta a kan makaman da rahoton mai binciken kuɗi ya ce sun ɓace? Akwai rajistar maƙeran da ke da izinin gyaran bindigar toka a jihar, da horon kiyaye hatsari ga maharba da 'yan banga da ake tura su gaba? Wa ke ɗaukar nauyin iyalan waɗanda suka mutu? Kuma yaushe za a sake duba dokar 1959, wadda aka rubuta tun kafin 'yancin kai, don ta dace da halin da ake ciki? Amsoshin waɗannan tambayoyi suna hannun mutanen da ke zuwa neman ƙuri'a duk bayan shekara huɗu, kuma lokacin kamfen ne ya fi dacewa a ɗora musu su.